DUBAN GIDA KAFIN SAYE A MAIDUGURI: ABUBUWAN DA AKE BINCIKAWA DA KALMOMINSU

1.0 Gabatarwa

Sayen gida shi ne ciniki mafi girma da akasarin ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa kan yi a tsawon rayuwarsu, kuma sau da yawa da kuɗin sallama daga aiki ko na gado ake yin sa. A Amurka akwai masu sana'ar duban gida, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1976, kuma sukan rubuta wa mai saye rahoto kafin a ƙulla ciniki. A Nijeriya babu dokar da ta wajabta irin wannan rahoto. Mai saye kan ɗauki birkila ko wani ɗan'uwa da ya taɓa gini, su kewaya gidan tare da dillali, a yi tayi, a sallama. Wanda aiki ya kai shi garin da ba nasa ba shi ya fi shiga haɗari, domin bai san tarihin unguwa ba, bai san na gidan ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abubuwan da duban gida ya ƙunsa a Maiduguri, tare da kalmomin da masu magana da Hausa ke amfani da su a wajen. An kasa duban kashi uku, wato jikin gini, da mazauninsa, da asalin mallakarsa. Za a nuna cewa kowane kashi yana da rumbun kalmomi daga tushe na daban, kuma kashin da ido ya fi gani shi ne mafi sauƙin asara.

2.0 Gani, Duba da Bincike

Hausa ta bambanta matakai uku. Wanda ya je "ganin gida" ya je ne ya ga ko ya yi masa. Wanda ya "duba" ko ya "dudduba" yana neman aibi ne, shi kuwa "bincike" ya haɗa da tambayar mutane da bin takardu. Sai dai har yanzu babu tsayayyen suna ga mai yin wannan aiki. "Mai duba" ya riga ya zama sunan mai bugun ƙasa, "dubagari" kuwa ma'aikacin tsabta ne tun zamanin En'e. Rashin sunan yana nuna cewa aikin bai zama sana'a mai zaman kanta ba, an rarraba shi ne tsakanin birkila da kafinta da falamba da mai wayarin da safiyo da lauya, kowa da nasa ɓangaren.

Game da alhakin aibi kuwa, dokoki biyu ke aiki. Dokar Ingilishi da Nijeriya ta gada ta ɗora wa mai saye nauyin buɗe idonsa a kan lafiyar gini, muddin mai sayarwa bai yi ƙarya ko ya rufe aibin da gangan ba. Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Borno ke bi, ya wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani, ya kuma ba mai saye hiyari, wato zaɓi, idan ɓoyayyen aibi ya fito. Malaman mazhabar sun kasa aibin gida uku: ƙarami wanda ba ya rage daraja, babu komai a kansa, matsakaici wanda ake rage kuɗinsa daga farashi, da babba wanda ake mayar da gida saboda shi. Littafin Muhtasar na Halil ya yi misali da tsagewar bangon da ba a jin tsoron ta rusa gida, ya sa ta a matsakaici, ya kuma sa rijiya mai gishiri a unguwar da ruwanta ke da daɗi a cikin abin da ke warware ciniki. Aibin da mai saye ya gani ya yi shiru kuwa, ba shi da ƙara a kansa. Wannan ya sa duban da aka yi a gaban shaidu yake da nauyi a shari'a.

3.0 Jikin Gini

Bahaushe yana siffanta gini da sassan jikin mutum: gindin bango, kan soro, bakin ƙofa, fuskar gida, cikin gida, bayan gida. Haka ma cututtukansa: gini "ya zauna", bango "ya yi ciki", ɗaki "ya sha ruwa", gara "ta ci" katako. Mai duba gida kan bi wannan jiki daga ƙasa zuwa sama.

3.1 Harsashi da Bango

Harsashi, wanda magina ke kira fandisho, yana binne, don haka a jikin bango ake karanta lafiyarsa. Siririyar tsaga mai kamar gashi wadda ta tsaya a filasta ba ta da illa, zafin rana da bushewa ne ke kawo ta. Wadda ake tsoro ita ce mai tashi daga kusurwar taga ko ƙofa a karkace, tana bin gaɓoɓin bulo kamar matakala, musamman idan ta ratsa ta bayyana ciki da waje, ko kuma wani ɓangarenta ya fi wani faɗi. Wannan alama ce cewa wani sashe na harsashi ya zauna. Ƙofar da ta daina rufuwa daidai da daɓen da ya karkata suna ƙarfafa zargin. A nan sigar aikatau tana da muhimmanci, domin "bango ya ɗan tsage" da "bango ya tsattsage" da "bango ya dare" matakai uku ne na lalacewa, kuma dillali kan zaɓi na farko ko da na uku ne ya dace.

Ana gwada ƙarfin bulo da ƙusa a inda babu filasta. Idan ya marmashe, an yawaita yashi an rage siminti. Ana ƙwanƙwasa filasta, idan ta yi amon ganga to ta rabu da bango. Ana kuma tantance ko bangon waje na bulo mai inci 9 ne ko mai inci 6, da ko an zagaya ginin da linta. A gidan bene ana duba ƙarƙashin dekin, domin idan ruwa ya kai ga rodi sai ya yi tsatsa ya kumbura, ya ɓamɓare kankare. Tambaya mafi muhimmanci ita ce ko da bene aka tsara gidan tun farko, ko daga baya aka ɗora shi a kan harsashin gidan ƙasa. Wannan aikin injiniya ne mai rajista, ya wuce birkila.

A tsofaffin unguwanni irin su Shehuri da Hausari da Mafoni akan tarar da ginin ƙasa da aka yi wa rigar siminti. Siminti ba ya kama ƙasa sosai, ruwa kan shiga tsakaninsu ya ci tubali a ɓoye, fuska tana nan sumul. Gindin bango ake fara dubawa, inda danshi da gishirin ƙasa ke zaizaye shi.

Itatuwa ma suna cikin lissafi. Maiduguri ta shahara da dalbejiya, wadda aka shigo da ita lardin Borno a 1928, kuma inuwarta abin nema ce a garin da zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Amma idan an dasa ta dab da katanga, saiwarta kan ɗaga harsashi ta fasa bututu.

3.2 Rufi

Iskar farkon damina ita ce babbar abokiyar gabar rufin kwano a wannan yanki. Mai duba kan shiga saman silin ya ga ko an ɗaure katakon rufi da bango da langalanga ko rodi, ko kuwa aza shi kawai aka yi. A can ne kuma ake ganin hanyar gara, da hasken rana ta hudar ƙusa. Tabon ruwa a silin shaida ne na yoyo ko da an je da rani. Idan an kewaye kwano da katanga don kare shi daga iska, sai a duba kwatar da ke bayanta, domin ƙurar hunturu da ganye kan toshe ta, ruwa ya koma cikin bango. A tsofaffin gidajen gwamnati akwai silin da kwanon asbesto, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu idan aka fasa shi wajen gyara. A ginin soro kuwa, azara ake dubawa ko ta lanƙwasa ko gara ta shige ta, da daɓen kan soro, da indararo ko yana jefa ruwa nesa da gindin bango.

3.3 Ruwa, Wuta da Makewayi

Ana tambayar inda gida ke samun ruwa: famfon gwamnati, ko rijiyar burtsatse, ko kurar masu sayarwa. A Kano ana ce da waɗannan 'yan garuwa, a Maiduguri kuwa "mai moya", daga kalmar ruwa ta Larabci. Idan akwai burtsatse sai a san zurfinta da ɗanɗanon ruwanta da yadda take a ƙarshen rani. Sai kuma tazararta da shadda ko sokawe. Ma'aikatan lafiya kan ba da shawarar mita 30, alhali fuloti mai ƙafa 50 da 100 duk tsawonsa ke nan, ga kuma ramin maƙwabci a bayan katanga. Saboda haka awon ruwan a ɗakin gwaji ya fi dogaro da ido.

A ɓangaren wuta ana duba kaurin waya da allon rarraba wuta da mita, da ko akwai tsohon bashi a kanta. Bayan da aka karya turakun babban layin Damaturu a watan Janairun 2021, garin ya daɗe babu wutar ƙasa, gidaje da yawa suka koma janareta da sola. An yi haɗe-haɗen wayoyi barkatai, wanda ya sa duba wayarin ya ƙara zama dole.

3.4 Kalmomin Wannan Kashi

Kalmomin jikin gini hawa biyu ne, kamar yadda misalai suka nuna:

(1) tubali, azara, yaɓe, daɓe, makuba, katsi, indararo, zanko, soro, magini

(2) bulo, siminti, kankare, rodi, filasta, linta, dekin, silin, fenti, sokawe, birkila, falamba

Rukuni na (1) na ginin ƙasa ne, irin kalmomin da ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara a lokacin da siminti bai yaɗu a gidajen Hausawa ba. Rukuni na (2) aro ne daga Ingilishi, kuma ya bi ƙa'idojin da aka sani: saƙala wasali tsakanin baƙaƙe kamar a filasta da bulo, ƙara wasali a ƙarshe kamar a rodi da siminti, da mayar da sautin /p/ zuwa /f/ kamar a fenti da falamba. Inda kalmomi biyu suka haɗu a kan abu ɗaya sai su raba aiki: yaɓe na ƙasa, filasta ta siminti, tubali na ƙasa, bulo na siminti, magini da birkila ma haka.

4.0 Mazaunin Gida

Gida mai ƙarfi a mummunan wuri ya fi gida mai rauni a kan tudu haɗari, domin ana gyara bango, ba a ɗauke fili. An kafa Yerwa a 1907, lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya dawo da fadarsa nan, a gefen kogin Ngadda, a kan dogon tudun yashi wanda ya miƙe ta Bama har cikin Kamaru. Wannan tudu tsohuwar gaɓar tafkin Chadi ce ta dubban shekaru da suka wuce. Kogin yana ratsa shi ya bazu a fadamar Jere. Don haka ƙasar garin ba iri ɗaya ba ce. Akwai jigawa mai tsotse ruwa, akwai kuma laka, har da baƙar nan da ake kira firgi a Borno, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana wasa da harsashin da aka aza mata.

Ruwan da garin ke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 da 'yan kai ba, abin da kan sa baƙo ya ɗauka ambaliya ba matsalar nan ba ce. Madatsar Alau, wadda aka kammala a 1986 a kan Ngadda, ta jawo ambaliya a watan Satumban 1994. Shekara talatin bayan haka, a daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumban 2024, ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Fori da Galtimari da Bulabulin, ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Litinin da asibitin koyarwa na jami'a. Tun daga ranar, tambayar farko a kan kowane gida a Maiduguri ita ce: ina ruwa ya tsaya a nan?

Amsar tana rubuce a jikin unguwa ga mai iya karatu. Layin ruwa kan bar tabo a katangar maƙwabta da turken wuta ko da an shafe na gidan da ake sayarwa. Sabon fenti da ya tsaya a ƙasan bango abin tuhuma ne, haka laka a cikin soket, da tsatsa a gindin ƙofar ƙarfe, da farin gishiri da ke fitowa ta ƙarƙashin fenti. Ana kuma gwada tsayin daɓen gida da na titi. Idan an yi sabuwar kwalta an ɗaga titi, tsohon gida kan koma rami, rariyarsa ta riƙa shigo da ruwa maimakon fitar da shi. Ana bin kwatar gida a ga ko ta haɗu da lambatu, ko a kwararo take tsayawa. Lokacin da ya fi dacewa da wannan duba shi ne watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, gani ya kori ji. Wanda ya sayi gida a watan Maris bai tambayi tsofaffin unguwa ba, ya yi cinikin biri a sama.

Kalmomin wannan kashi, irin su tudu, jigawa, fadama, kwari, laka, gulbi, kududdufi, na manoma ne tun asali, kuma ba su da kishiyoyi na aro. Da harshen gona ake auna filin birni.

5.0 Asalin Mallaka

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta bi sawun dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962. Abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99 ga gidan zama, kuma shaidarsa ita ce takardar da jama'a ke kira si-of-o. Sashe na 22 ya hana sayarwa ko jinginarwa sai da yardar gwamna, sashe na 26 kuma ya ɓata cinikin da ya saɓa wa haka, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989. A Borno, hukumar BOGIS, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Babagana Umara Zulum, ita ke riƙe da rajistar filaye. Can ake zuwa a ga ko sunan da ke takarda shi ne a fayil, ko gidan na jingine a banki, ko akwai bashin harajin ƙasa, ko an soke takardar. Izinin gini kuma a hukumar tsara birane ake tabbatar da shi, don kada ya zamana gidan ya hau hanya ko magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar wuta. Safiyo ne ke gwada iyakokin da ke takarda da waɗanda ke ƙasa.

Gidaje da yawa, musamman a unguwannin da suka bunƙasa bayan kwararowar 'yan gudun hijira daga 2009, an gina su ne a filayen awon igiya, kuma takardarsu ita ce ta ciniki mai sa hannun bulama ko lawan. Wannan takarda shaida ce cewa an yi ciniki, kuma bulama ya san wanda ya fara zama a fili, amma ba ta maye gurbin rajistar gwamnati, ba ta kuma hana a sayar da fili ɗaya ga mutum biyu.

Gidan gado ya fi kowanne buƙatar haƙuri. Idan magaji ɗaya ya sayar da gidan da ba a raba ba, cinikin kason sauran ya rataya ne a kan yardarsu, kason maraya kuwa sai da wasiyyi ko alƙali. Idan kasonsa kaɗai ya sayar, abokan tarayyarsa suna da shuf'a, wato su biya mai saye kuɗinsa su karɓe. A Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, maƙwabci ba shi da shi. Risalar Ibn Abi Zaid ta nuna cewa haƙƙin wanda ke gari yana faɗuwa bayan shekara guda, na wanda ba ya nan kuwa yana nan komai daɗewarsa. A garin da rikici ya watsa iyalai zuwa Kano da Abuja da Diffa da Kamaru, magajin da aka manta da shi zai iya dawowa bayan an gyara gida an tare.

Kalmomin wannan kashi daga tushe uku suke. Na hukunci Larabci ne: aibi, hiyari, shuf'a, wasiyyi, shaida, dillali, la'ada. Na ofis Ingilishi ne: fuloti, fegi, fayil, safiyo, lauya. Na sarautar unguwa kuwa Barbarci ne: bulama da lawan da aja, a inda Bakano zai ce mai unguwa da dagaci da hakimi. Greenberg ya nuna tun 1960 cewa Hausa ta daɗe tana aro daga Kanuri, har da kalmar kasuwa. Hausar Maiduguri ta ci gaba da wannan aro a fagen ƙasa.

6.0 Harshen Dillali

Akwai jimloli da ke yawo a bakin dillalai waɗanda ma'anarsu ta zahiri gaskiya ce, amma abin da suka bari a rufe ya fi yawa:

(3) Gyara kaɗan yake so.

(4) Ruwa ba ya kwana a nan.

(5) Takardu na kan hanya.

(6) Magada ba su da matsala.

Jimla ta (3) ba ta fayyace gyaran fenti ne ko na harsashi ba. Ta (4) ta amsa cewa ruwa yana zuwa, fitarsa kawai ta yi alkawari. Ta (5) na nufin babu takarda a yau, ranar da ake neman kafin alƙalami. Ta (6) ba ta faɗi yawan magadan ba, ba ta ce duk sun sa hannu ba. Maganinsu shi ne tambaya mai neman adadi ko suna: ruwan 2024 ya kai ina, magada nawa ne, wa ke riƙe da fayil, a kuma rubuta amsar a takardar ciniki a gaban shaidu, domin abin da aka rubuta shi ke zama sharaɗi a gaban alƙali.

7.0 Kammalawa

An ga cewa aibin jikin gini kuɗin gyara yake ci, aibin mazauni yana dawowa da kowace damina mai ƙarfi, aibin mallaka kuwa yana iya tafiya da gidan ɗungurungum. Duk da haka akasarin masu saye kan ƙare lokacinsu a kan fenti da tayil, su bar takardu sai bayan an biya. Tsarin da ya dace shi ne a fara da rajista da magada, a bi da tarihin ruwa, a ƙare da bango da rufi. Ga masu nazarin harshe kuwa, akwai aiki a buɗe: tattara kalmomin birkiloli da dillalai na Maiduguri a kwatanta su da na Kano da Sakkwato, da samar da tsayayyen fasalin rahoton duban gida da Hausa da Kanuri, wanda mai saye zai karanta da kansa, alƙali kuma ya karɓa a matsayin hujja.